Shin 'yan ƙwaya ne ke korar mana baƙi daga Legas?

Bala_Mai_Fata:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da rumfa a kasuwar kayan gargajiya ta Lekki, wadda ake ce wa Jakande. Jakunkunan fata da takalma da tum-tum nake ɗaukowa daga Kano da Sakkwato. Cinikinmu na baƙi ne: Turawan kamfani, masu yawon buɗe ido, da 'yan ƙasarmu mazauna waje. To, in ka cire watan Disamba, Baturen da zai taso musamman don kallon gari ya yi wuya ƙwarai. Wanda ya zo ma direba na biye da shi, ya saya a tsaye ya faɗa mota. Ni dai shaye-shayen nan nake zargi. Kullum ka buɗe waya, an kama kwantenar ƙwaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa, an kama mai haɗiye hodar iblis a filin jirgi, ga yara sun sha kolos, wato wiwin nan mai haɗin sinadarai, suna birgima a kwata ana ɗauka ana yaɗawa. Wa zai ga wannan ya yanki tikiti da dalarsa? Ko ni kaɗai nake ganin haka?

Ummu_Khalil:
Wa alaikumus salam. Ba kai kaɗai ba ne Malam Bala. Allah ya shirya mana zuri'a.

Sani_Direba:
Malam Bala, ni aikina kenan, ɗauko baƙi daga filin jirgi zuwa otal-otal na Victoria Island da Ikoyi. Wallahi ban taɓa ɗaukar baƙon da ya tambaye ni labarin kwantenar ƙwaya ba. Tambayarsu uku ce kusan kullum: ana satar mutane a wannan hanyar? In masu kaki suka tsayar da mu me zan yi? Awa nawa za mu yi a gosulo?

Amma ba zan ce ƙwaya ba ta ciki ba. Wani dare na ɗauko wani dattijon Bature, muka maƙale a cunkoso kafin hawa gadar Third Mainland. Sai ga wani yaro ba riga, idonsa jajur, leɓensa ya bushe fari fat, ya manna fuska a gilashin ɓangaren baƙon yana ƙwanƙwasawa da zobe. Bai nuna makami ba, bai ce komai ba, kallo kawai. Baƙon nan ya tura wayarsa ƙarƙashin cinya, bai ƙara magana ba har muka isa. Da safe ya ce a soke yawon da aka shirya masa zuwa Freedom Park da kasuwa, ya yi taronsa a otal ya koma. Shi bai san sunan abin da yaron ya sha ba, fuskar kawai ya tafi da ita gida.

Dan_Canji_Broad:
Ni kuma nawa lissafin daban ne. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, har dala ta haye 1,500 a 2024, Legas ta zama arha ga mai kuɗin waje. Ku zo Broad Street a Disamba ku ga layi. 'Yan Landan, 'yan Amurka, 'yan Kanada, har da abokansu da ba su da dangi a nan. Otal ba ɗaki, gidan haya na kwana-kwana ya ninka kuɗi. In da tsoron 'yan ƙwaya na hana zuwa, su waɗannan daga ina suke fitowa?

Bala_Mai_Fata:
Alhaji, ai na cire Disamba tun farko. Kuma 'yan Disamba ba tum-tum suka zo saya ba, rawa suka zo yi. Wata ɗaya ba ya ciyar da rumfa shekara.

Malam_Nura_Akoka:
Bari in sa baki, don ina ganin abubuwa biyu aka haɗa wuri ɗaya. Akwai ƙwayar da ke wucewa, akwai wadda ake sha a gari. Kamun da NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, ta yi a wani gidan ajiya a Ikorodu a Satumbar 2022, hodar iblis tan 1.8, ba don 'yan Oshodi aka tara ta ba. Hukumar da kanta ta ce masu saye a Turai da Asiya ake nema mata. Legas hanya ce, saboda tana da tashar ruwa da babban filin jirgi. Irin wannan yana ɓata sunan fasfo ɗinmu, shi ya sa ake zazzage mana jaka a ƙasashen waje, amma ba shi ke tare baƙo a titi ba.

Wadda ake sha kuwa, binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. Wiwi ce kan gaba da miliyan 10.6, sai dangin tiramol miliyan 4.6, sai maganin tari miliyan 2.4. Kuma shiyyar Kudu maso Yamma ce ta fi kowace yawa. Wannan ita ce ke haifar da yaron da Malam Sani ya ba da labari.

Abu na uku shi ne takardar gargaɗi. Amurka ta jera ƙasashe mataki huɗu, ta sa Najeriya a na uku, wato a sake tunani kafin a je. Dalilan da ta jera su ne fashi da ta'addanci da garkuwa da mutane da tarzoma. Mai shirin hutu wannan yake fara karantawa.

Auwal_Mile12:
Malam, na ji an ce Legas ma tana cikin jihohin da suka ce kada a taka. Gaskiya ne?

Malam_Nura_Akoka:
A'a ƙanena. Waɗanda aka sa a mataki na huɗu su ne irin su Borno da Yobe da Zamfara da Katsina da Kaduna da Sakkwato, da wasu jihohin Kudu maso Gabas da Neja Delta. Legas ba ta ciki. Sai dai mutumin da ke zaune a Jamus bai san nisan Legas da Gusau ba. Sunan ƙasa ɗaya yake gani.

Baba_Idi_Agege:
Yara, ku ba ku ga Ikko ba. Kafin Marwa ya zo gwamnan soja a 1996, 'yan fashi takarda suke aikowa unguwa su ce ga mu nan zuwa, kuma su zo. Shi ya ƙarfafa Operation Sweep, sintirin haɗin gwiwar soja da 'yan sanda, aka samu barci. Oshodi kuwa kafin a rushe ta a 2009, ko kai ɗan gari ba ka ratsa ƙarƙashin gadar nan da magariba da agogo a hannu. Yau an samu sauƙi, na rantse. Abin da ya canza shi ne a da in an yi ɓarna a Mushin sai 'yan Mushin su sani. Yanzu kafin ka yi alwala an gani a Landan.

Kabiru_Houston:
Gaisuwa Baba. Maganarka haka take. Ni ina zaune a Amurka, iyalina suna Idi-Araba, kuma ina aiki da mutanen da duk shekara sai sun tafi hutu Mekziko. Ku duba fa, Mekziko ƙasa ce da ƙungiyoyin dillalan ƙwaya ke yaƙi da manyan bindigogi, ana kashe dubban mutane a shekara. Amma baƙi sama da miliyan 40 suke shigarta duk shekara. A Oktoban 2021 a garin Tulum, 'yan ƙwaya suka yi musayar wuta, harsashi ya kashe mata biyu baƙi a gidan cin abinci, ɗaya Bajamushiya ɗaya 'yar Indiya. Aka yi surutu, gwamnati ta jibge jami'an tsaro a bakin teku, jirage suka ci gaba da sauka a Kankun.

A ƙasar dai kuma akwai Akapulko, wadda a shekarun 1950 da 1960 nan ne manyan taurarin duniya ke hutu. Da rikicin ƙwaya ya shiga cikin garin kansa, har bakin ruwa, baƙin waje suka watse, ya koma sai 'yan ƙasa. Jihar da garin yake Amurka ta sa ta a mataki na huɗu.

Abin da na fahimta daga hirar abokan aikina, ba yawan gawa suke ƙirgawa ba. Tambayar ɗaya ce: ni ake nema, ko junansu suke kashewa? In an ce rigimar tasu ce, kuma daga jirgi sai mota sai otal mai katanga, za su je. In an ce baƙo shi ne abin farauta, ko kyauta aka ba su tikiti ba za su je ba. Mu matsalarmu kalmar garkuwa ce, domin ita kai tsaye mai kuɗi take nufa.

Sai inshora. Bature ba ya tafiya ba inshorar lafiya da ta tafiya. A Ingila, in gwamnati ta ce kada a je wuri kai kuma ka je, kamfani na iya ƙin biyanka ko ƙafarka ce ta karye a banɗaki. Kamfanin shirya yawo ba zai ɗauki tawaga ya kai inda inshora ba ta aiki ba.

Dan_Canji_Broad:
Ka ga ni ba. Ashe ba ƙwaya ba ce.

Kabiru_Houston:
Alhaji ban ce haka ba fa. Na ce ba ita kaɗai ba ce, kuma ya danganta da inda ta faɗo.

Mai_Gadi_Lekki:
Ni mai gadi ne a wani gida da ake ba da haya na kwana-kwana. Ku yi haƙuri zan faɗi abin da ba a so. Wasu baƙin ƙwayar ce ma take kawo su. Daga sauke jaka sai ka ji "aboki, ina ake samun laud?" Wato wiwi mai ƙarfi. Da asuba in na zo share harabar gida, ga balan-balan da suke zuƙa a warwatse, ga ƙananan tukwanen gas, ga kwalabe. Ƙarfe uku na dare mai babur zai tsaya a ƙofa da 'yar leda, a miƙa ta taga. In na hana shi shiga baƙo ya kai ƙarata wajen mai gida. In kuma aka kawo samame, wa ake fara damƙa? Mai gadi. Su suna da lauya, suna da tikitin komawa.

Ummu_Khalil:
Innalillahi. Allah ya tsare ka ɗana, ka nemi wani gidan in da hali.

Zahra_Surulere:
Duk kuna ta maganar Turawa. Mu fa? 'Yan'uwanmu daga Arewa su ma baƙi ne, kuma su ne suka fi yawa. Amarya da ango su zo ganin teku, iyali su zo hutun makaranta, a hau gadar igiya ta Lekki Conservation Centre mai tsawon mita 401, a shiga jirgin ruwa zuwa Tarkwa Bay, a yi hoto. Ƙawata ta shirya zuwa daga Zariya da 'ya'yanta, sai yayarta ta turo mata bidiyon wata da 'yan wan cans, ɓarayin nan masu shigar direba da fasinja, suka jefo daga mota bayan sun kwashe mata kuɗin asusu. Shi kenan, mijin ya ce a fasa, suka tafi Abuja. Mace ba taswirar ofishin jakadanci take dubawa ba, rukunin WhatsApp na dangi take dubawa.

Sannan bakin ruwan ma. Wasu wuraren daga ƙofa warin wiwi zai tare ka, samari su kewaye mota kowa na cewa shi ne mai karɓar kuɗin fakin. Ka biya wannan, wani ya ce bai san zancen ba. Inda ake da tsari kuma kuɗin shiga ya fi ƙarfin mai iyali. Wurin shaƙatawa na Landmark da mutane ke yabawa, aikin babbar hanyar gaɓar teku ya cinye bakin ruwansa a Afrilun 2024.

Sani_Direba:
Anti Zahra ta taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Wulaƙancin yau da kullum ya fi kashe kasuwa. Baƙo ya sauka, tun kafin ya fito waje an tambaye shi "me ka kawo mana" a tebur fiye da ɗaya. Ya fito, 'yan ɗaukar kaya sun yi masa caa. A hanya a haska masa tocila a fuska a ce ya buɗe jaka. Babu wanda ya sace shi, babu wanda ya taɓa lafiyarsa, amma in ya koma gida abin da zai rubuta kenan.

Dan_Agadas:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni mutumin Nijar ne, azurfa nake sayarwa, ba nisa da rumfar su Malam Bala. Ku gode wa Allah, ku ba ku ga mutuwar yawon buɗe ido ba. Ina yaro a Agadas, in sanyi ya shigo jirgi ke zuwa daga Faransa cike da nasara. Mai mota, mai raƙumi, maƙerin azurfa, mai dafa abinci, kowa na samu. A kai su duwatsun Ayar, a kai su Tenere, a kai su bikin lasar gishiri na Ingal. Sai tawayen 2007, sai aka soke tseren motocin Dakar na 2008 bayan kashe Faransawa huɗu a Muritaniya, tseren ya koma Kudancin Amurka, daga baya Saudiyya. Sai satar ma'aikata a Arlit a 2010. Aka shafa mana jan fenti a taswirar gargaɗin matafiya. A 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya, amma wa zai zo ya gani?

Abin da nake so Malam Bala ya lura: a wajenmu baƙi ne suka fara tafiya, sannan fataucin ya yi ƙarfi. Direban da ya san hamada kamar tafin hannunsa, in babu nasara da zai ɗauka, wani zai zo ya ba shi kaya zuwa Libiya, mutane ko tiramol. Don haka ba kullum ƙwaya ke korar baƙo ba, wani lokaci tafiyar baƙo ce ke buɗe wa ƙwaya ƙofa.

Malam_Nura_Akoka:
Wannan magana ta Dan_Agadas a riƙe ta. Mu ma a Arewa mun ɗanɗana. Bikin kamun kifi na Argungu ya tsaya bayan na 2009, sai 2020 aka dawo da shi. A Afrilun 2019 'yan bindiga suka kai hari gidan shaƙatawa na Kajuru suka kashe wata 'yar Birtaniya da wani ɗan Najeriya. Hawan Sallar Kano ya shiga jerin UNESCO a Disambar 2024, ga shi an yi salloli a 2024 da 2025 da aka hana hawa saboda rikicin masarauta da fargabar tsaro.

Jamilu_Obalende:
Ni wani abokin aikina Bayarabe na gayyata Kano, ya ce shi ba Boko Haram yake tsoro ba, 'yan ƙwacen waya yake tsoro, ya ga bidiyon yara da wuƙaƙe a Ɗorayi. Na ce masa kai da kake kwana a Mushin kusa da Akala, matattarar 'yan ƙwaya? Ya ce ai waɗannan ya san su, sun san shi. Na yi dariya, amma da na zauna na ga haka kowa yake. Ɓarnar unguwarku ka san lokacinta da lungunta, ta garin wani kuwa duhu ce gaba ɗaya.

Auwal_Mile12:
Tunda an zo nan, mu daina nuna yatsa ga 'yan agbero, wato 'yan tasha, kaɗai. Ku zo kasuwa ƙarfe huɗu na asuba lokacin sauke tumatir da albasa. Yaranmu masu dako da yawa ba sa fara aiki sai sun kora tiramol da shayi ko lemon kwalba. Ya ce in bai sha ba ba zai iya ɗaukar buhu ba. Daga guda ɗaya ya koma uku, kuɗin dako ya kasa, sai a fara ɗan hali.

Sarkin_Yakin_Zango:
Auwal ka iya bakinka. Irin wannan magana ce ake ɗauka a yi mana kuɗin goro. Da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022 me aka ce? An ce 'yan Arewa ne 'yan ƙwaya, su ne masu laifi. Mutane nawa masu neman halal aka ƙwace wa babur aka niƙe? Kwantenar da ake kamawa a Apapa ta mai dako ce? Mai shigo da ita yana Ikoyi ko Dubai yana shan iska.

Auwal_Mile12:
Yaya, ban ce mu muke shigo da ita ba. Na ce muna sha. In mun ɓoye wa zai yi mana magani?

Nas_Hadiza:
Ku biyun duk kuna da gaskiya, ku sassauta. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma gadon asibiti bai san ƙabila ba. Ana kawo ɗan dako da farfaɗiyar tiramol, ana kawo ɗan mai kuɗi daga kulob zuciya na bugawa kamar za ta fito. Da aka hana maganin tari mai kodin a Mayun 2018 bayan binciken BBC, mun ɗauka an huta. Sai masu sha suka koma wasu abubuwan, yanzu ga kolos ga ais, wato methamphetamine. Shawarata ga masu karɓar baƙi: ku ce musu kada su karɓi abin sha a buɗe daga hannun wanda ba su sani ba, kada su ci kek ko alewar da aka miƙo a wajen biki ba su san mai yi ba. An sha kawo mana wanda bai taɓa shan komai ba, a abinci aka sa masa. Kuma ku sa musu lambobin gaggawa 112 da 767 a waya.

Kabiru_Houston:
Abin da Nas ta faɗa ya tuna min da Kolombiya. Garin Medelin a farkon shekarun 1990 ba inda ya kai shi kisan kai a duniya, zamanin Pablo Escobar, wanda aka kashe a Disambar 1993. Yau baƙi ne ko'ina, har akwai masu biyan kuɗi a zagaya da su wuraren da ya zauna, abin da ke ƙona ran 'yan garin da aka kashe wa iyaye. Amma a Janairun 2024 ofishin jakadancin Amurka ya fitar da gargaɗi bayan mutuwar Amurkawa takwas a garin cikin wata biyu, wasunsu ta hanyar manhajar neman abokiyar hira aka yaudare su aka sa musu abin gusar da hankali. Sunan gari na iya gyaruwa, sai dai baƙin da ke zuwa neman ƙwaya da mata su ma suna janyo nasu masu farautar.

Mai_Gadi_Lekki:
To ai irinsu nake faɗa. Allah ya sa kar mu kai can.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni ta ɗaya gefen zan yi magana, mu masu fita. Ban manta da ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Saudiyya a Disambar 2018 ba, ta je Umara aka liƙa sunanta a jakar da ba tata ba, cike da tiramol. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta bayan an gano masu yin abin. Tun daga lokacin ni ko uwata ce ta ce in kai mata saƙo sai na zazzage shi a gabanta. Ina naɗe jakata da leda, in ɗauki hotonta a kan sikeli, in riƙe 'yar takardar kaya kamar fasfo. Akwai ƙawayena da suka daina zuwa wasu ƙasashen sayayya gaba ɗaya, ba don tsoron ɓarayin can ba, don yadda ake ware mai koren fasfo gefe a yi ta bincike kamar ɓarauniya.

Bala_Mai_Fata:
Jama'a na gode, amma an ɗan yi nisa. Ni tambayata ita ce me ya sa Accra ke samun waɗannan baƙin mu ba ma samu? Wani abokina mai irin kayana a can ya ce tun shekarar komawa gida da Gana ta yi a 2019, baƙaƙen Amurka ba su daina zuwa ba. Can ba a shan wiwi ne?

Jamilu_Obalende:
Ana sha mana, har tiramol ɗin. Amma a Accra baƙo na iya fita da ƙafa da dare ya sayi gasasshen nama ya dawo. Kuma ba a jin labarin an tare jirgin ƙasa an kwashe fasinjoji kamar yadda aka yi a hanyar Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022.

Musa_Badagry:
Malam Bala, ni nake raka baƙi a Badagry, kuma abin da Gana ke sayarwa muna da shi. Ga gidan bene na 1845, ga barikin bayi na Seriki Abass da sarƙoƙinsa, ga tsibirin Gberefu inda ake tsallakawa da kwalekwale a taka har bakin tekun da ake loda bayi. Na ga manyan mutane sun durƙusa a yashin nan suna kuka. Amma kafin baƙo ya iso ya gaji da duniya. Hanya ce ta kan iyaka, ta masu fasa-ƙwauri, shinkafa da fetur da ƙwaya duk ta nan suke bi, don haka shingen bincike ba ya ƙirguwa, musamman daga Agbara zuwa Seme. Jami'i na da hujjar tsayar da mota, ban musa ba. Sai dai baƙon da aka sauke sau da yawa aka buɗe masa jaka, ko da fara'a aka yi, ya riga ya yanke hukunci. Kamar mai tuwo ce da aka ce an ga ƙuda a miyarta, ko ta sake sabuwar tukunya sai an daɗe ana tsallake rumfarta.

Yanzu masu dabara ta ruwa suke kawo baƙinsu. Ya fi tsada amma an huta da tsaye-tsaye.

Dan_Canji_Broad:
To kun gani, har maganin ma korar baƙo yake yi. A bar ƙwaya ta wuce a ce ba tsaro, a tsaya bincike a ce an takura.

Baba_Idi_Agege:
Bincike daban, roƙo daban, Alhaji. Wanda ke neman hodar iblis ba ya cewa a ba shi na ruwa. Marwan nan dai shi ke riƙe da NDLEA tun Janairun 2021, kuma ana ganin kamu. Amma kamu a tashar ruwa ba ya ɗauke yaron da ke kwana ƙarƙashin gada. Wannan aikin gwamnatin jiha ne da iyaye da mu masu unguwa.

Sarkin_Yakin_Zango:
Baba, a gafarce ni, masu unguwa nawa ne suka san dilan layinsu suka yi shiru saboda yana ba da na masallaci?

Baba_Idi_Agege:
Akwai su. Ba zan kare su ba.

Zahra_Surulere:
Ni har yanzu ban yarda da Yaya Kabiru ɗari bisa ɗari ba. Tsarin daga jirgi sai mota sai otal mai katanga, wa yake amfana? Mai otal da kamfanin mota. Baƙon da aka killace ba zai je Jakande ya yi ciniki ba, ba zai ci tsire a Obalende ba. Ko an cika jirage da irinsu, su Malam Bala ba za su gani a aljihu ba.

Kabiru_Houston:
Haka ne ƙanwata, kuma 'yan Mekziko ma suna wannan kukan. Ni dai na faɗi abin da ke sa mutum ya yanki tikiti ne, ban ce kowa ke cin riba ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Malam Sani, tunda kana nan. Surukaina za su zo daga Yamai wata mai zuwa, mutum biyar har da tsohuwa, jirginsu da dare zai sauka. In kama musu masauki a Ikeja ne ko in kai su tsibiri kai tsaye? Suna son ganin teku.

Sani_Direba:
Hajiya, in jirgin ya wuce ƙarfe tara su kwana Ikeja. Da safe bayan goma, hanya ta saki, sai a haye da su. Ki sa wanda kika sani ya tsaya musu a ƙofar fitowa da suna a takarda, kada su bi duk wanda ya ce ga tasi. Gilashi a rufe, waya a jaka har a isa. Tsohuwar kuma kada a hau da ita gadar igiyar nan, tana lilo sosai, in an fara ba a juyowa sai an kai hasumiya ta gaba.